Shin mai sha'awar gine-gine zai ci ribar yawon jirgin ruwa a biranen gaɓar tekun Turai?

Injiniya_Funtua:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga babban jirgin ruwan yawon buɗe ido a Bahar Rum. Ni da uwargida muna shirin hutu, kuma abin da ya fi jan hankalina shi ne gine-ginen garuruwan da jirgin zai riƙa tsayawa, ba shagalin da ake yi a cikinsa ba. Hanyoyi biyu ne a gabanmu. Ɗaya ta yamma ce, tana bi ta Basalona da Marsey da Jenowa da Palermo da Valletta, ɗayar kuma ta tekun Adiriyatik ce, tana bi ta Benis da Dubrovnik da Kotor. Wani abokin aikina ya ce asarar kuɗi zan yi, domin jirgi yakan iso da safe ya tashi da yamma, mutum bai ga komai ba sai ƙeyar ɗan jagora. Ni kuwa a nawa ganin, tunda an gina waɗannan garuruwa suna fuskantar teku, wanda ya zo ta ruwa shi ne ya shigo ta ƙofar gaba, wanda ya sauka a filin jirgin sama kuma ta bayan gida ya biyo. Ina son jin ra'ayinku a kan wannan, da kuma hanyar da kuka ga ta fi dacewa.

Hajiya_Mai_Fasfo:
Wa alaikumus salam, Injiniya. Maganarka ta ƙofar gaba gaskiya ce a wasu garuruwa, amma ba a dukkansu ba. A Valletta babu gardama. Jirgi yana shiga babbar tashar ne tsakanin sansanin Saint Elmo da na Ricasoli, ganuwa tana tashi ta hagu da dama, dukkanta da dutse iri ɗaya mai launin zuma, kuma idan ka fito saman jirgi bayan sallar asuba za ka ga rana tana kama katangun ɗaya bayan ɗaya. A Marsey kuwa ana ajiye manyan jirage ne a tashar kaya mai nisa da gari, abin da za ka fara gani ƙugiyoyin ɗaga kwantena ne da rumbunan ajiya, sai ka shiga bas kafin ka iso tsohuwar tashar. Don haka kafin ka biya kuɗi ka duba inda jirgin yake ɗaurewa a kowane gari.

Malam_Sambo_Tarihi:
Ina tare da abokin aikin Injiniya, kuma zan faɗi dalilina. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Gari irin Jenowa ba ya nuna arzikinsa daga teku, domin abin da ya fi daraja a cikinsa yana bayan ƙofofi. A titin da a yau ake kira Via Garibaldi akwai manyan gidajen attajiran ƙarni na 16, kuma tun daga 1576 hukumar garin ta riƙe jerin sunayen waɗannan gidaje, ana yin ƙuri'a a tsakaninsu idan wani sarki ko jakada zai kawo ziyara, wanda ƙuri'ar ta faɗa wa shi ne mai masauki. UNESCO ta sanya su cikin kayan tarihin duniya a 2006. Titin ƙunci gare shi, har ba ka samun tazarar da za ka ja da baya ka kalli fuskar gida gaba ɗaya, sai ka shiga ciki ne za ka tarar da farfajiya da matakala masu faɗi da lambu a saman bene. Wanda aka ba sa'o'i kaɗan, kuma rabinsu ya tafi a layin sauka da layin komawa, ta yaya zai ga wannan?

Ɗalibar_Zanen_Gini:
Allah ya gafarta Malam, Jenowa ba ita ce misalin da zai ƙarfafa hujjarka ba, domin tashar fasinjoji a cikin gari take, mutum yana iya takawa da ƙafa zuwa tsohuwar tashar da mai zanen gini Renzo Piano ya sake fasaltawa a 1992, daga nan ya kutsa lunguna ya ɓulla Via Garibaldi. Inda hujjarka take da ƙarfi shi ne wuraren da ake sayar wa fasinja sunan wani birni alhali jirgin a wani gari zai tsaya. Ana rubuta Rum a takardar talla, amma Civitavecchia za a sauke ka, kimanin kilomita 80 daga birnin. Haka ake rubuta Florence a sauke mutum a Livorno. A irin wannan rana mutum yakan ƙare da gajiyar mota, bai ga Rum ba, bai kuma ga garin da ya sauka ba.

Baƙon_Marsey:
Ni a Marsey nake zaune, kuma na tabbatar da abin da Hajiya ta faɗa game da nisan tasha. Sai dai wanda ya tsara yininsa zai ga abubuwa uku masu kyau ba tare da gaggawa ba. Ya fara hawa tudun Notre-Dame de la Garde, majami'ar da aka keɓe a 1864, domin daga can ake ganin yadda garin ya kewaye tsohuwar tashar, wadda Girkawa suka fara sauka a cikinta kimanin shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa. A cikin majami'ar akwai ƙananan siffofin jiragen ruwa a rataye, waɗanda matuƙan da suka tsira daga hatsari suka kawo. Daga nan ya sauko zuwa gidan tarihin MuCEM da aka buɗe a 2013, wanda aka lulluɓe da ragar kankare baƙa mai huji-huji, inuwarta tana faɗowa a jikin mai tafiya, kuma akwai siririyar gada da ta haɗa shi da tsohon sansanin Saint-Jean. Abu na uku shi ne gidajen da ke arewacin tsohuwar tashar. Baƙi sukan wuce su ba tare da lura ba, alhali a 1943 sojojin Jamus suka kwashe mutanen unguwar suka rushe ta da nakiya, gidajen da ake gani yanzu bayan yaƙi aka gina su. Mai neman abincin halal kuma ya nufi unguwar Noailles, ba zai sha wahala ba.

Umman_Khalifa:
Ina da tambaya ga waɗanda suka je. Yawancin gine-ginen da kuke ambata majami'u ne, to Musulmin da zuciyarsa ba ta natsu da shiga ba, me ya rage masa ya kalla?

Magini_Ɗan_Zazzau:
'Yar'uwa, hukuncin shiga na malamai ne, ni magini ne, amma zan iya gaya miki cewa abin da ya rage yana da yawa. A Basalona, kusa da inda bas ɗin tasha yake sauke mutane wajen hasumiyar Kolumbus, akwai tsohuwar ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta sarakunan Aragon, wadda aka fara tun ƙarni na 13, dogayen zaure ne masu bakunan dutse a jere, a ciki kuma an ajiye kwafin babban jirgin da ya jagoranci yaƙin Lepanto na 1571. Sannan akwai tsarin sabon garin da Ildefons Cerdà ya zana a 1859, inda aka yanke kusurwar kowane rukunin gidaje domin mahaɗar tituna ta yi faɗi, iska da haske su shiga. Gidaje biyu na mai zanen gini Gaudí da ke kan titin Passeig de Gràcia, wato Casa Batlló da Casa Milà, gidajen zama ne. Ganuwa da hasumiyar fitilar jagorar jirage da rumbunan 'yan kasuwa da famfunan ruwa duk gine-gine ne, kuma a garin tasha su ne suka fi faɗin gaskiyar yadda mutanen suka rayu.

Bulus_Na_Wusasa:
Ni Kirista ne, kuma ina so in ƙara wa 'yar'uwa Umman Khalifa bayani ɗaya. A manyan majami'un Italiya da Malta ana buƙatar mai shiga ya rufe kafaɗu da gwiwoyi, saboda haka mai hijabi ko doguwar riga ba ta fuskantar matsala a ƙofa, masu gajeren wando ne ake tsayarwa. Wadda kuma ta zaɓi tsayawa a waje ba ta yi asarar komai a wurare irin majami'ar Sagrada Familia ta Basalona ba, domin rabin aikin a jikin bangon waje yake.

Ɗalibar_Zanen_Gini:
A nan ban yarda da ɗan'uwa Bulus ba, ko da yake na fahimci kyakkyawar niyyarsa. Fasahar Sagrada Familia a ciki take. An aza harsashinta a 1882, Gaudí ya karɓi aikin a 1883 ya riƙe shi har rasuwarsa a 1926, kuma abin da ya warware shi ne yadda za a ɗauki nauyin rufi mai tsayi ba tare da tokaren waje da magina na da suke jinginawa a bango ba. Ginshiƙan suna karkata kaɗan, sannan su rabu zuwa rassa kafin su kai rufi, kowane reshe yana bin hanyar da nauyi yake sauka. Ya yi nazarin irin wannan ne da igiyoyi da ƙananan buhunan nauyi da yake ratayewa, siffar da suka yi idan aka juya ta sama ita ce bakan da zai tsaya da kansa. Injiniya zai fi kowa jin daɗin wannan. Amma a sayi tikiti ta intanet tun kafin a bar gida, domin ana shiga ne bisa lokacin da aka rubuta, kuma mai jirgin ruwa ba shi da gobe.

Ɗan_Agadas:
Idan zaɓi ne tsakanin hanyoyin biyu, ni ta yamma zan zaɓa saboda Palermo kaɗai. Musulmi sun kama birnin a 831, suka mulke shi fiye da shekara ɗari biyu, har Normawa, mayaƙan Kirista 'yan asalin arewacin Faransa, suka karɓe shi a 1072, amma sababbin sarakunan ba su kori masu sana'ar da suka tarar ba. A cikin fadar sarki akwai ƙaramar majami'ar da sarkin Normawa Roger na Biyu ya gina, bangonta aikin Girkawa ne na ƙananan duwatsu masu ruwan zinariya, rufinta kuma na katako ne da aka sassaƙa gurbi-gurbi irin na fadojin ƙasashen Musulmi, da rubutun Larabci a jiki. A wajenta akwai wani dutse na 1142 da aka rubuta da Latin da Girkanci da Larabci game da agogon ruwa da sarkin ya sa aka ƙera. A shirayin babbar majami'ar garin kuma, a jikin ginshiƙi na farko ta hagu, akwai aya daga Suratul A'araf a sassaƙe, alamar an ɗauko ginshiƙin daga ginin da ya riga ta. Ayarin masu yawo suna wuce shi suna ɗaukar hoton hasumiya. A wannan fada ne al-Idrisi ya kammala littafinsa na taswirar duniya a 1154, wanda ya ambaci Kawar da Kanem a ciki, don haka mutumin ƙasarmu da ya tsaya a wurin ba baƙo ne ƙwarai ba.

Malam_Sambo_Tarihi:
Ɗan Agadas ya yi bayani mai kyau, sai dai ya ƙara mini hujja ne bai sani ba. Ban da fadar akwai Zisa, gidan shaƙatawar da aka fara a 1165, wanda aka tsara shi yadda iska za ta bi ta kan ruwa ta sanyaya ɗakuna, akwai kuma babbar majami'ar Monreale a kan tudu a wajen gari. Wanda ya zo da jirgi dole ya bar biyu ya ɗauki ɗaya. Ina kuma jan hankalin masu ɗaukar hoton jajayen ƙubbobin majami'un San Cataldo da San Giovanni degli Eremiti suna cewa launin Larabawa ne: jan fentin nan masu gyara na ƙarni na 19 ne suka shafa shi. Irin wannan ba a saninsa a tsaye a bakin titi ana duban agogo.

Hajiya_Mai_Fasfo:
Malam, ai wannan ma ba zaman mako guda ne yake koyar da shi ba, karatu ne, kuma karatun ana iya yinsa a gida kafin a tashi ko a cikin jirgi da dare. Na ga mutanen da suka kwana a otal a gari ɗaya har suka gaji, ba su san komai a kansa ba sai wurin cin abinci.

Kawu_Na_Kumasi:
Ba wanda ya yi maganar hanyar Adiriyatik, bari in kare ta. Shigar Kotor ta fi ta Valletta a wurina. Jirgi yana barin buɗaɗɗen teku ya shiga tsakanin duwatsu, ya ratsa mashigar Verige mai ƙunci, ya wuce gaban garin Perast inda ake ganin tsibirin da mutane suka yi da hannunsu ta hanyar zuba duwatsu da nutsar da tsofaffin jirage har suka gina majami'a a kai, kuma har yau kowace ranar 22 ga Yuli suna fita da kwale-kwale su ƙara duwatsu. Garin kansa ɗan ƙarami ne, an matse shi tsakanin ruwa da tsauni, ganuwarsa kuma ta haura tsaunin har sansanin da ke sama, matakala kusan 1,350. Benis ta mulki garin daga 1420 zuwa 1797, shi ya sa ake ganin zakinta mai fukafukai a jikin katanga. Yini ɗaya ya ishi Kotor, kuma wannan ita ce amsata ga Malam Sambo: ƙananan garuruwa ne suka dace da jirgin ruwa. Amma mai ciwon gwiwa kada ya yaudari kansa da matakalan nan a tsakar rana.

Lauya_Bk:
Tunda an ambaci Kotor, a lura cewa Montenegro, ƙasar da Kotor take, ba ta cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, Kuroshiya kuwa, inda Dubrovnik take, ta shiga a Janairun 2023. Jirgin da ya fita yankin ya dawo yana nufin fasinja ya fita ya sake shiga, don haka mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana ya nemi bizar da ke ba da izinin shiga fiye da sau ɗaya, ya kuma tambayi sharuɗɗan kowace ƙasa a rubuce kafin ya biya. Ana iya hana mutum hawa jirgin tun a tashar farko saboda wannan.

Magini_Ɗan_Zazzau:
Zan koma kan Valletta, domin a matsayina na mai aikin hannu ita ce ta fi tsaya mini a rai. Bayan Turkawan Usmaniyya sun yi wa tsibirin Malta ƙawanya a 1565 ba su yi nasara ba, shugaban mayaƙan Saint John, Jean de Valette, ya aza harsashin sabon gari a 1566, Francesco Laparelli ya zana shi da tituna miƙaƙƙu masu gittawa, iskar teku tana ratsa su daga wannan gefe zuwa wancan. An haƙo dutsen ginin ne daga ƙarƙashin garin da kuma ramin da ya kewaye ganuwa, dutse ne mai laushi da ake yankawa da zarto, amma gishirin teku yana cinsa, za ka ga wasu tubala sun rarake kamar saƙar zuma, na kusa da su kuma lafiya lau. Kyan garin ya samo asali ne daga kasancewar abu ɗaya aka yi komai da shi, kamar yadda tsohon garin Agadas yake da launin ƙasar da yake zaune a kai. Sai kuma barandunan katako rufaffu da suka fito daga jikin bene, kore da shuɗi da ja, mai gida yana ganin titi ba a ganinsa. Daga bakin ruwa akwai lifta mai tsayin mita 58 da ke kai mutum lambun Barrakka a sama, inda ake harba igwa da ƙarfe 12 na rana. Sabon ginin majalisar da aka buɗe a 2015 ma da dutsen tsibiran aka yi shi, kuma ko da yake mutanen garin sun yi ta gardama a kansa, ni ban ga ya yi baƙunta ba.

Ɗan_Boko_Mai_Tambaya:
Kowa yana yabon kyau, amma ba wanda ya tambayi inda kuɗin ya fito. A Livorno da aka ambata, kusa da tasha, akwai mutum-mutumin Ferdinando na Ɗaya, mai mulkin yankin Tuskani a da, a ƙarƙashinsa kuma mutane huɗu na tagulla ɗaure da sarƙa, hannayensu a baya, ɗaya daga cikinsu baƙar fata ne, an kammala su a 1626. A Malta bayi Musulmi ne suke tuƙa jiragen mayaƙan da suka gina Valletta, kuma akwai kurkukun bayi a cikin garin. A Basalona a 2018 hukumar birni ta sauke mutum-mutumin Antonio López saboda hannunsa a cinikin bayi zuwa Kuba, kuma wannan mutumin surukin Eusebi Güell ne, attajirin da ya ɗauki nauyin ayyukan Gaudí da dama. Ban ce kada a je ba, amma Baafirke da ya tsaya gaban waɗannan gine-gine yana tafi kawai, akwai abin da ya tsallake.

Bulus_Na_Wusasa:
Gaskiya ne, kuma ya kamata a faɗa. Sai dai a Bahar Rum bautar ta kowane ɓangare ce, jiragen Aljiyas da Tunis da Tarabulus ma sun kwashi mutanen gaɓar Italiya da Sifaniya da Malta, shi ya sa ake ganin hasumiyoyin tsaro a jere a gaɓar Sisili. Wanda ya san wannan zai gane cewa kaurin katangar da yake yabo tsoro ne ya gina shi.

Kawu_Na_Kumasi:
Dubrovnik ta bi wata hanya dabam, kuma wannan ya dace da maganar 'yan'uwan biyu. Jamhuriyar Ragusa, kamar yadda ake kiranta a da, ta hana cinikin bayi a 1416, ta kuma sayi zaman lafiyarta da harajin da take kai wa Sarkin Musulmi na Istanbul kowace shekara, duk da haka ba ta daina ƙarfafa ganuwarta ba, wadda tsawonta ya kai kimanin mita 1,940 kuma ana zagaya ta a ƙafa ta sama. Daga can ne ake ganin abin da ya fi ba ni mamaki. Yawancin rufin gidajen jan tayil ne sabo mai haske, jefi-jefi kuma sai ka ga tsoho mai duhu da dabbare-dabbare. Sababbin su ne waɗanda aka maye bayan ruwan bama-baman 1991, kuma a ƙofar gari akwai taswirar da ta nuna inda kowanne ya faɗa. Babban titin ma da gidajensa masu kama ɗaya bayan girgizar ƙasar 1667 aka gina su.

Umman_Khalifa:
To idan haka ne, Kawu, tsohon gari ake kallo ko sabon gari da aka yi wa kamannin tsoho? Na gode wa Magini da ɗan'uwa Bulus bisa amsar tambayata ta farko.

Ɗalibar_Zanen_Gini:
Wannan tambaya malamanmu ma ba su gama da ita ba. A ganina gari mai rai dole a riƙa gyara shi, kuma abin dubawa shi ne ko an riƙe tsarin tituna da tsayin gidaje da irin kayan aikin. Lisbon misali ce mai kyau ga wanda jirginsa zai fita daga Bahar Rum. Girgizar ƙasa ta 1 ga Nuwamba 1755, da ambaliyar teku da gobarar da suka biyo baya, sun shafe tsakiyar birnin, sai gwamnatin Pombal, babban ministan sarkin Fotugal, ta sake gina shi da tituna miƙaƙƙu, aka saka ƙirar katako mai gicciye a cikin bangon kowane gida domin ya yi lanƙwasa idan ƙasa ta motsa maimakon ya rushe. A lokacinsa sabon gini ne, yau kuma shi ne tarihin. Dandalin Praça do Comércio a buɗe yake ta ɓangaren kogi, da matakalan dutse da suka gangara cikin ruwa, wanda ya nuna an yi shi ne domin tarbar mai zuwa ta jirgi. A nan maganar Injiniya ta ƙofar gaba ta yi daidai ɗari bisa ɗari.

Baƙon_Marsey:
Akwai ɓangaren da masu zuwa ba sa gani, mu mazauna muke gani. Idan manyan jirage suka haɗu a rana ɗaya, dubban mutane ne suke zubowa cikin lunguna a sa'a guda, kuma hayaƙin injinan da ke aiki a tasha yana sauka a unguwannin talakawa na arewacin Marsey. Benis ta hana jiragen da suka haura tan 25,000 bi ta gaban dandalin San Marco daga 1 ga Agusta 2021, bayan wani babban jirgi ya daki gaɓa a 2019, yanzu a yankin masana'antu na Marghera ko wasu tasoshi ake ajiye su. Garin Benis a kan turakun katako da aka kafa cikin laka yake zaune, kuma igiyar ruwan da manyan jirage ke turawa tana zaizaye laka da harsashi. Don haka, Injiniya, ƙofar gaban da kake so a Benis an rufe ta, kuma ina ganin an yi daidai.

Malam_Sambo_Tarihi:
Dubrovnik ma ta taƙaita yawan jiragen da take karɓa a lokaci guda. Wannan ya nuna garuruwan da kansu sun gane cewa irin wannan ziyara tana cin abin da aka zo kallo. Ina nan kan bakana: a hau jirgin ƙasa, a zaɓi gari biyu, a zauna.

Hajiya_Mai_Fasfo:
Malam yana magana kamar kowa yana da ƙarfin jan akwati daga tasha zuwa tasha. Ga dattijo, ko mai tafiya da iyali, ɗaki ɗaya da ba a sauyawa babbar rahama ce, kuma ana iya yin salla a natse a ɗaki, in dai an riƙa duba alƙibla domin jirgi yana juyawa. Shawarata ita ce a guji watannin Yuli da Agusta, a sauka da wuri kafin ayarin bas-bas, a zaɓi gini ɗaya da za a shiga a kowane gari, sauran lokacin a yi shi a ƙafa. Wanda ya fita da kansa ba tare da ayarin kamfani ba kuma ya sani cewa jirgi ba ya jiran wanda ya makara.

Injiniya_Funtua:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zuciyata ta karkata ga hanyar yamma saboda Palermo da Valletta, uwargida kuwa tunda ta karanta bayanin Kawu sai maganar Kotor take yi. Maganar Malam Sambo ma ba ta bar ni ba, ina tunanin mu riga jirgin isa Basalona mu ɗan kwana a can, tunda daga nan yake tashi. Abin da ban samu amsarsa ba shi ne Palermo: wanda ya shiga fada da safe, Zisa ya kamata ya nufa bayan azahar ko Monreale?

Ɗan_Agadas:
Zisa, domin tana cikin gari kuma injiniya zai so ya ga hanyoyin iskar da aka bi da su ta cikin bango.

Ɗalibar_Zanen_Gini:
Ni Monreale zan ce, saboda farfajiyarta mai ginshiƙai bibbiyu fiye da ɗari biyu, kusan kowane kan ginshiƙi da irin sassaƙarsa. Amma hanyar tana da cunkoson motoci da yamma, don haka sai ka gaya mana ƙarfe nawa jirginku zai bar Palermo kafin mu yanke.